Jirgin Na'Allah da Jar Motar Amiru

Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa karo na biyu, gulbin da ke bayan garin su Na'Allah, can wajen Tsamaye, ya koma rairayi tsantsa. Na'Allah ɗan fito ne. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, ya ɗebi mutane da awakinsu da buhunansu a jirgi, ya ƙetare da su ranar kasuwa. Yanzu kuwa kowa da ƙafarsa yake ƙetarewa, wani ma har ya tsaya tsakiyar gulbin ya cire ƙaya.

Jirgin na maɗaci ne, ubansa ya bar masa. Shi kuwa jirgin itace, in rani ya yi, nutsar da shi ake yi a gurbi mai zurfi, a danne da duwatsu, ya zauna cikin ruwa har damina. In aka bar shi a tudu tsagewa yake yi, kuma wanda ya tsage har ciki ba shi da sauran amfani sai murhu. To, bana gurbin ma ya ƙafe. Na'Allah ya ja jirgin gindin tsamiya, ya lulluɓe shi da tsofaffin tabarmi, kullum da safe ya juye masa tulu guda. Duk da haka wata 'yar tsaga ta ɓullo a goshinsa, tana rarrafawa ƙasa a hankali.

Matarsa Tani ta gaji. Ta ce, "Malam, ni ka wahala bakin rijiya, icce ka shan ruwa. Gobe sai in tuƙa mai tuwo."

Na'Allah ya ji daga bakin makiyaya cewa akwai sauran ruwa a wani tafki wajen Tozai, mai shanye tsayin mutum. Amalanke ba ta gagara ba, maƙwabci ya ce a ɗauka. Shanun da za su ja ta ne babu. Waɗanda suka rage sai an kama musu wutsiya suke tashi.

Ana cikin haka sai ga Amiru, ƙanin Tani, bakanike a Kaduna, ya zo ganin gida. Da wata irin mota ya zo, ja, 'yar ƙarama, ba rufi, kujera biyu rak, ga dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa gaisuwa. A mace ya saye ta hannun wani Bature, ya tashe ta da kansa.

Na'Allah ya yi ta kewaya ta, hannu a baya. Ya leƙa ciki, ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa gefenta yadda yake ƙwanƙwasa jirgi.

"Ina aka sa kaya?"

"Ba motar kaya ba ta, mijin Yaya. Ta yawo ta."

"Mutane hwa?"

"Ni da wadda nika so. Kai dai ba ka ciki." Amiru ya shafa hancin motar. "Kada ka rena ta. Ƙarfin doki tamanin ka nan ciki."

Na'Allah ya dubi motar, ya dubi tsamiya. Can ya ce, "Ni na shanu biyu nika biɗa."

Amiru ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga mutumin ba wasa yake ba, sai shi ma abin ya shiga ransa, yana so ya gani ko za ta iya.

Washegari da hantsi maza suka taru suka ɗora jirgin kan amalanke, suka ɗaure. Aka kawo igiyar kaba mai kauri, aka haɗa sandar amalanken da ƙarfen bayan motar. Amiru ya nuna kujerar da ke gefensa.

Na'Allah ya ce, "A'a. Jirgi ba ya tafiya mai shi na waje." Ya hau, ya zauna a gindin jirgin inda ya saba zama, gorarsa ta tuƙi a hannu, tulun ruwa tsakanin ƙafafunsa don jiƙa tsagar a hanya.

Motar ta yi gurnani, ta tona ƙasa, igiya ta miƙe. Amalanke ta yi ƙara, ta biyo. Suka bi ta fadama, inda ƙasa ta bushe ta daddare. Na'Allah ya ji wani abu da bai zata ba: jirgin yana lilo a ƙarƙashinsa kamar ran da gulbi ya kawo. Har ya sami kansa yana gyara zama yana duban gaba ko akwai kututture.

Wani tsoho a kan jaki ya cim musu, ya wuce su, ya waiwayo. "Ɗan fito, ruwan da zurfi?"

"Da sauƙi, Baba. Jaki na iyawa."

Motar dai ba a yi ta don tafiyar hawainiya ba. Rana na kaiwa tsaka ta fara tari, tururi ya taso daga hancinta, ta tsaya. Amiru ya ɗaga murfin inji, ya ja da baya yana kare fuska.

"Lagireto ya ƙone ƙaf. Ruwa taka so."

Na'Allah ya sauko ya leƙa. Ya daɗe yana kallon ƙarafan nan masu huci. "Ashe ita ma sha taka yi."

"In ba ta sha ba, nan za mu wuni."

Ba gari kusa, ba rijiya. Na'Allah ya dubi tulunsa, saura rabi. Ya ɗaga tabarmar goshin jirgin, ya ga wurin har ya bushe ya yi fari. Ya tsoma hannu a tulun, ya shafa wa tsagar sau ɗaya, ya miƙa wa Amiru sauran. Suna jiran injin ya huce ya ji itacen ya yi 'yar ƙara, ƙas, kamar an karya tsinke. Ya tuɓe rigarsa ya ƙara a kan tabarmar.

Da la'asar suka hango tafkin a ƙasan wani gangare, shanun Fulani kewaye da shi. Nan ne kuskuren ya fito, wanda duk mazan da suka ɗaura igiyar ba wanda ya tuna da shi. Sa in ya zo gangare, da wuyansa yake tokare amalanke. Igiya kuwa ja kawai ta sani.

Na'Allah ya ga igiyar ta saki tana jan ƙasa, ya ga ƙeyar Amiru tana matsowa. Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya miƙe, ya kafa gora a ƙasa ta hannun dama, ya danna da dukan jikinsa yadda yake kauce wa gaɓa. Amalanke ta karkata, igiyar kaba ta tsinke, suka wuce motar ta gefe har Amiru ya sunkuyar da kai. Shanu suka dare. Tayoyin amalanken suka cake cikin laka suka tsaya cak, ɗaurin ya ɓalle, jirgin ya sulale shi kaɗai ya faɗa ruwa, mai shi a tsaye a ciki.

Amiru ya iso bakin tafkin a guje. "Mijin Yaya, kana da rai? Mi za ni ce ma Tani?"

Na'Allah bai ji shi ba. Ya rarrafa goshin jirgin, ya yaye riga da tabarma, ya bi tsagar da babban yatsa. Ta ƙaru, amma ta tsaya sama da inda ruwa ke kaiwa. Ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya zuba mata, ya ga itacen ya shanye, ya ƙara.

Sannan ya ɗago kai. "Amiru, tuɓe takalmanka. Duwatsu za mu ɗiba, manya."

Kafin magariba suka cika shi. Na'Allah ya tura shi tsakiya, ruwa har ƙirji, ya karkata gefensa. Ruwa ya shiga a hankali, jirgin ya yi ƙasa yana fitar da kumfa, har ya ɓace. Ya taka shi da ƙafa, ya ji ya zauna daram, sannan ya juyo ya nufi gaɓa.