Ja Ya Wuce Farin Dutse

"Ina ya kai yau, Malama?" Don Belisario ya tambaye ni tun ban gama kakkaɓe lakar takalmina ba.

"Bai kai ba tukuna," na ce.

"Saura kamar yaya?"

"Kamar jifa biyu."

"Jifan wa? Naki ko nawa?"

"Naka, lokacin da kake da hannu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. 'Yarsa Nolfa tana bakin murhu ta ba mu baya, tana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha a nan. Kwana na uku ke nan ina shigowa gidan da safe ina yi wa tsohon ƙarya, kuma ita ce ta roƙe ni.

Jan ganye yake tambaya. A nan kudancin Chile, da Afrilu ya kama sanyi ya fara cizo, itatuwan lenga da suka lulluɓe tsaunin bayan ƙauyenmu sukan fara ja daga can ƙoli, jan ya riƙa gangarowa kullum kaɗan-kaɗan. A tsakiyar gangaren akwai wani falalen farin dutse da ko ciyawa ba ta tsiro a kansa. Tun zamanin kakan Don Belisario, gidansu, wato gidan Haro, ba sa sauko da shanunsu daga makiyayar sama sai ja ya taɓa wannan dutse. Wai daga ranar saura kwana goma dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Wanda ke sama tare da shanu ba ya iya gani, don yana cikin itatuwan ne, sai daga ƙasa. Shekara ashirin da 'yan kai ɗansa Erasmo ne a sama, uban a ƙasa yana kallo. In ja ya kai, sai uban ya aika saƙo ta gidan rediyo, sannan ya ɗaura sirdi ya yi tafiyar yini guda ya tare su a mashigin kogi, domin shi ke shiga gaba ya ƙetarar da garken.

Bana yanar ido ta rufe masa gani, zuciya ta kwantar da shi, ƙafafunsa suka kumbura har safa ba ta shiga. Sai ya ɗauke ni aikin gani, tunda tagar kicin ɗina tsaunin take kallo.

"Nolfa tausayi ya yi mata yawa," ya ce. "Ke kuwa, Malama Ismenia, duk ƙauyen nan an shaida ba ki da shi."

Ni dai ban taɓa yarda da zancen kwana goman nan ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a makarantar ƙauyen, kuma kowace shekara nakan rubuta ranar da ja ya kai dutsen da ranar da ƙanƙara ta fara zuba, don yara su koyi auna magana kafin su haɗiye ta. Sau goma sha huɗu abin ya zo kusa. Sau tara ƙanƙarar ta yi jinkiri har kusan wata, sauran kuma ta riga. Na taɓa kai masa littafin har gida. Ya buɗe, ya duba, ya ce rubutuna yana da kyau.

Ran Litinin ja ya taɓa dutsen. Ina fitowa in je in gaya masa, Nolfa ta tare ni a bakin shinge, hannunta duk garin fulawa.

"Malama, don Allah kar ki faɗa masa."

"Dalili?"

"Kin fi ni saninsa. Yana ji zai ce a kawo doki. Mai jinyar asibitinmu ta ce ko bayan gida kar ya je shi kaɗai. Ki ba ni kwana uku, ko magani ya janye kumburin."

"To ki aika wa Erasmo saƙon da kanki."

"A rediyon da Baba ke yini da shi a kan ƙirji? Kuma ko na aika, kin san yayana. Shekararsa hamsin da biyu, ko maraƙi bai taɓa korowa ba sai Baba ya ce a koro."

Na yarda. Zan so in ce tausayinta ne ya kama ni, amma ba shi ba ne. Littafina na tuna. Na ce a raina, me kwana uku zai rage a lissafin da rabinsa shaci-faɗi ne?

Ran Alhamis na zauna har azahar, lokacin da rediyo ke karanta saƙonnin mutanen daji. Nolfa ta ƙara itace a murhu, ƙoƙon mate yana zagayawa tsakaninmu mu uku, kowa ya zuƙe nasa ya mayar mata ta sake cikawa. Mai karatu ya sanar da wani cewa matarsa ta sauka, mace ce kuma, ya taho da rago. Ya sanar da wani an tsinci dokinsa a gonar dankali, ya zo da igiya da ban haƙuri. Sannan saƙo uku a jere, na gidan Vera da na gidan Millacura da na wani da ban ji sunansa ba, duk ana kiran masu shanu su sauko.

"Gidan Vera kullum cikin gaggawa suke," in ji Don Belisario. "Haka aka haifi ubansu ma, wata bakwai."

Ya juya fuska bango. Na lura bai sake tambayata dutsen ba a ranar, amma na ɗauka gajiya ce.

Ran Juma'a da na buɗe taga, ƙolin tsaunin ya zama toka-toka. Iskar daren ta kakkaɓe ganyen sama ƙaf, sai tsirarun rassa. Jan ya wuce farin dutsen nesa, ya gangaro har kusa da gonaki, kuma ba jan nan mai haske ba, ya koma ruwan tsatsa. Wani siririn gajimare ya yi wa ƙolin rawani. Ba sai da littafi ba, wannan gajimaren kowa ya san na ƙanƙara ne.

Na tarar da Nolfa tana ɗaura gyale za ta asibiti karɓo magani.

"Kwana biyu kacal, Malama," ta raɗa mini a ƙofa. "Jiya ya ci miya har rabin kwano."

Na shiga na ja kujera.

"Ina ya kai?" ya ce.

"Ya wuce. Tun Litinin ya taɓa. Yau sama ba ganye ko ɗaya."

Na jira faɗa. Ya daɗe yana shafa gefen bargo da babban yatsa.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Dogon itacen ƙofar gidanki tun Talata yake zubo mini ganye a kan kwanon rufi. Ina jin su suna jan ciki. Wannan itacen ba ya sakin ganye sai ja ya wuce dutse. Ido na rasa, Malama, ba kunne ba."

"To don me kake sa ni ina zuwa kullum ina zubar da mutuncina?"

"Ina son jin kin ce da saura."

Ya ɗaga hannu ya nuna inda sirdinsa ke rataye a bayan ƙofa, ya nuna daidai ko da ba ya gani.

"Ran Laraba da yarinyar nan ta fita faskare, na tashi. Daga gadon nan zuwa can taku shida ne. Na yi huɗu. Da rarrafe na dawo. Kar ki gaya mata."

"Kowa a gidan nan da abin da zan ɓoye masa," na ce. "Ɗanka yana can da shanu sittin yana jiran tsoho mai girman kai da tsohuwa maƙaryaciya. Za ka aika masa ko sai ƙanƙara ta aika?"

"Haka kike yi wa 'ya'yan mutane magana a aji?"

"Su sun fi ka jin magana."

Daga baya ya ce in ɗauko takarda. Na yagi bayan kalandar bango, na ciro fensir daga aljihu.

"Rubuta. Zuwa ga Erasmo Haro, makiyayar sama. Ja ya wuce. Ka taso yau." Ya tsaya yana numfashi. Na riƙe fensirin ina jira. "Kar ka jira ni a mashigi. Ka sa baƙar saniya a gaba, ta san inda ake takawa."

"Shi ke nan?"

"Me kike so in ƙara, waƙa?"

Na kai takardar ɗakin rediyo da ƙafata. Da azahar aka karanta, Nolfa ta dawo ke nan tana jera ƙwayoyi a kan tebur. Ta tsaya da kwalba a hannu har aka gama. Ba ta kalle ni ba. Ta haɗa mate, ta ba ubanta, ta karɓa ta cika ta sha nata, ta sake cikawa ta miƙa masa. Sau uku ƙoƙon yana wuce ni. Shekara arba'in ina shiga gidan nan ba a taɓa tsallake ni ba. Na tashi na yi musu sallama.

Bai nemi doki ba. Abin da Nolfa ta ji tsoro bai faru ba, sai dai daga ranar bai ƙara taɓa miya ba.

Ran Lahadi da hantsi ƙanƙara ta rufe ƙolin. Kwana shida ke nan da ja ya taɓa dutse, ba goma ba. Tsohon bai yi daidai ba, ni ma ban yi ba. Da la'asar Nolfa ta leƙo ta kan shinge ta kira sunana sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Na tarar da shi a jingine da matashi biyu, tawul a wuya, rabin fuskarsa da kumfar sabulu. Shi ya ce ta yi masa aski, wai kar Erasmo ya iso ya same shi kamar ɗan fashi. Tana cikin yi ya tambaye ta ko an ji ƙararrawar shanu, ta ce tukuna, ta juya ta ɗauraye reza, da ta juyo ya riga ya cika.

Ta miƙo mini rezar. Ni na ƙarasa ɗaya gefen.

Daga makiyayar sama zuwa ƙauye tafiyar kwana uku ce da shanu. Ran Litinin ba su iso ba. Aka kwantar da shi a akwati a tsakar ɗaki, kyandir huɗu, mata suna jan addu'a, maza a waje suna shan taba suna duban tsauni. Fadan coci ya ce ba zai wuce Talata da azahar ba, yana da wani ƙauyen. Nolfa ta ce ko Paparoma ne sai ya jira yayanta.

Ran Talata da hantsi muka ji ƙararrawa. Baƙar saniyar ce a gaba, ta shigo titi tana ɗingishi, sauran na biye, karnuka biyu a gefe harshe waje. Erasmo yana can baya a kan doki, bargonsa na ulu ya jiƙe sharkaf. Ya ga mutane a ƙofar gidansu, ya ga hulunan da aka cire. Bai sauka ba. Ya wuce da shanun bayan gida, ya shigar da su garke, ya ɗaure ƙofar da waya, ya cire wa doki sirdi, sannan ya zo bakin shinge inda nake tsaye.

"Yaushe?" ya ce.

"Lahadi da la'asar."

Ya gyaɗa kai.

"Lahadi muna wuyan dutse. Can ƙanƙarar ta same mu. Maruƙa huɗu suka tsaya, ban iya ɗaukarsu ba." Ya murza ido da bayan hannu. "Jiya kuma na ɓata rabin yini a mashigi."

"Ai ya ce kar ka jira."

"Na ji. Na ce ko ya sake shawara."

"Erasmo, tun Litinin ta wancan makon ja ya kai. Ni na riƙe maganar kwana huɗu."

Ya dube ni. Na koya masa karatu yana ɗan shekara bakwai, kuma tun lokacin ba ya saurin ba da amsa.

"Da Litinin na taso, da duk sun iso," ya ce.

"Haka ne."

Ya goge takalminsa a dutsen ƙofa, ya cire hula, ya shiga. Na ji muryar Nolfa ta tashi, sannan ta kwanta.

Ban bi shi ciki ba. Na zagaya bayan gida na jingina da itacen garke. Shanun suna tsaye a cunkushe, tururi yana tashi daga jikinsu, ba wadda ta yi kuka sai uwa ɗaya da ke ta juyawa tana shinshina 'ya'yan wasu. A gadon bayansu jiƙaƙƙun ganyen lenga sun manne, ƙanana kamar farce, wasu da sauran ja. Wata karsana ta miƙa wuya tana lashe su ɗaya-ɗaya daga jikin ta kusa da ita.