Kwamfutar da Ke Jin Kunyata

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma kwamfutata ce ta ja ni cikinsa.

Tsohuwa ce, irin ta kan tebur. Wata uku ke nan tana tashi ran da ta ga dama, ran da ba ta ga dama ba fankarta ta juya sau ɗaya ta yi shiru. Babi na huɗu na kundin digirina yana cikinta, ba shi a ko'ina sai nan, Dakta mai duba kundin kuwa ya ce in bai gan shi ba ranar Alhamis da ƙarfe goma, sai baɗi.

A mafarkin na goya ta da zani na fita neman mai gyara. Rana tsaka ce, ruwa yana tashi daga ƙasa yana komawa sama. Tafin ƙafata ya jiƙe sharkaf, kallabina a bushe.

Shagon gyaran yana cikin rijiya, hawa na uku. Wata akuya mai tabarau ce ke yanka kati a bakin ƙofa.

"Shekarunta nawa?"

"Tara."

"Ba ita ba, igiyar wutar."

Na ce ban sani ba. Ta rubuta "marainiya", ta buga hatimi, ta cinye katin, ta ce in shiga da shi.

Mai gyaran wani tsohon wanzami ne, Baba Ɗanjuma. Ya kwantar da ita kan tabarma, ya kafa mata ƙaho, ya zuƙo ƙura cikin kwano. Ya zare igiyar ya sake sokawa. Ya ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya ji. Ya latsa maɓalli. Shiru.

"Juya baya, 'yata."

Na juya. Ɗit! Ta tashi. Na waigo, ta mutu. Sau uku muna haka.

"Ya sunanki?"

"Rumasa'u."

Kwamfutar ta ja zanin goyon ta rufe allonta.

"To ga ciwon nan," in ji Baba. "Sunan surukarta gare ki."

"Baba, yaushe ta yi aure?"

"Ke kika haɗa su da sitabilaiza mai daidaita wuta, kike tambayata? Uwarsa Rumasa'u ce. Wa kika taɓa gani ya kunnu a gaban surukarsa?"

"Amma wata rana tana tashi."

"Ran da kika latsa idonki na kan taga."

Gaskiya ya faɗa. Na tuna.

Sai ga mu a tsakiyar kasuwa. Baba ya ce magani ɗaya ne, in ɗaga murya gaban jama'a in ce mata ta saki jiki, ni ba surukarta ba ce. Dakta yana zaune a rumfar 'yan kankana, ya ɗora ranar Alhamis a faranti yana yankawa yana raba wa masu wucewa. Saura yanka biyu.

Ni da na yi shekara huɗu a jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Na buɗe baki, muryar ta fito ta duba taron, ta koma ciki ta ja ƙofa. Na sunkuyar da kai. Kwamfutar ma ta sunkuyar da allo.

"Ku biyun nan," in ji akuya, "a haka baɗin zai same ku."

Dakta ya miƙa wa wani mai keke yanka ɗaya.

Na rasa yadda zan yi, sai na zauna a ƙasa, na juya mata baya, na jingina da ita. Jikinta da ɗumi.

"Ina wuni," na ce a hankali.

Fankar ta motsa. "Lafiya lau, Hajiya. Ya ƙafa?"

"Ni ba Hajiya ba ce. Ni ma ko biki na je, ba na iya cin abinci gaban mutane. Gida nake komawa da yunwata."

"Har ke?"

"Har ni."

"To kada ki waigo."

Na ji tana kwance wani abu. Ta miƙo mini babi na huɗu ta bayanta, a ƙulle cikin leda, da zafinsa kamar ƙosai. Na miƙa hannu ta baya ina lalube, Dakta ya ɗaga yankan ƙarshe zai kai baki, sai kasuwar duka ta ɗauki ƙara, garrr.

Injin markaɗen maƙwabta ne. An kawo wuta, gari ya waye, yau Laraba.

Na sauko daga gado da baya da baya, fuskata na kallon bango. Na gaishe ta, na laluba maɓallin da babban yatsan ƙafa.

Ɗit.

Na kwashe babin a filashi da gefen ido. Har yanzu ba mu haɗa ido ba.