Ƙotar Alilliba

Saude ta shekara bakwai tana aikin tsaro a Talata Mafara, kuma abin da ya fito da sunanta shi ne harbi. Ba ta taɓa ɗana kunamar bindiga a kan abu mai rai ba. Nata harbin na gasa ne, wanda ake jera faya-fayan ƙarfe a fili, mutum ya ruga daga nan zuwa can yana kayar da su, alƙali na biye da shi da agogo. Bindigar wannan wasa gajeriya ce, a kafaɗa ake kafa ta, amma harsashinta irin na ƙaramar bindigar hannu ne.

Da damina babur ya kayar da ita a hanyar Garbadu, kafaɗarta ta hagu ta goce. An gyara, ta warke, amma ba ta koma kamar da ba. In ta ɗaga bindiga, faifai biyar na farko lafiya lau, daga nan sai hannun ya soma rawa, bakin bindigar ya riƙa sunkuyawa. Ga shi saura wata biyu a yi gasar jami'an tsaro a Maradun.

Mas'ud, mai kula da ɗakin makamansu, shi ya ba ta shawara. Mutum ne mai tsantseni, wanda ba ya barin ko ƙusa ta fita ɗakinsa ba da takarda ba.

"Ƙarfen bindigar ba mai taɓa shi," in ji shi. "Amma rabin wahalarki a katakon take. Ƙotar nan an yi ta ne don ƙato. In oga ya yarda, sai in kwance miki ita, ki nemi wanda zai yi mai sauƙi."

Oga ya yarda, ya sa hannu. Ranar Asabar Saude ta naɗe ƙotar da katakon riƙon gaba a cikin zane, ta bar ƙarfen a kulle wurin Mas'ud, ta hau motar Bakura.

Kawunta Jibo, yayan mahaifiyarta, masassaƙi ne. Rabin turamen unguwarsu aikinsa ne, haka akussa da kujerun tsugunno da allunan makaranta. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Saude ta san haka, kuma a mota ta yi ta tambayar kanta ko ba wauta ta kawo ta ba. Nufinta dai ya kwatanta mata wani a cikin waɗanda ya koya wa sana'a.

Ta same shi a rumfar ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Suka gaisa, ya tambayi uwarta, da mijinta, da aiki, da gajiyar hanya, da mutanen Mafara kusan gida-gida. Sannan ta kwance zanen ta ɗora masa katakon a cinya.

Yatsunsa suka bi shi sau ɗaya, ya janye hannu.

"Wagga ai ƙotar bindiga ta," ya ce. "Dauri na yi ma mahalba da yawa. Tun da daji ya lalace na aje. Ba ni son hannuna cikin abin da ka sa mata kuka."

"Kawu, wannan ƙarfe kawai take harbi. Faifai ne kamar murfin tukunya. Ta hukuma ce, ga takarda."

"Mi zan yi da takarda, ɗiyata, ni da ban gani?" Ya sake ɗora hannu a kan katakon. "Ke ka riƙon ta?"

"Ni kaɗai."

"Taho nan."

Ta matso ta durƙusa. Ya dafa kafaɗunta biyu, ya bi ƙashin wuyanta da babban yatsa, ya tsaya daidai inda ciwon yake, ba tare da ta nuna masa ba. Ya kira matarsa, Inna Habiba, ya ce ta kawo taɓarya. Ya sa Saude ta miƙe ta riƙe taɓaryar kamar yadda take riƙe bindiga, ta kwantar da kumatunta a kai. Ya zagaya ta a hankali yana taɓa gwiwar hannunta, da haɓarta, da tazarar da ke tsakanin kunnenta da kafaɗa. Ya ce ta sauke, ta sake ɗagawa. Ta yi haka ya fi sau ashirin, har hannun ya soma rawar nan tasa.

"To, nan nika jira," in ji shi. Ya riƙe hannun yana saurarensa kamar mai jin zazzaɓi. Sannan ya karyi karan dawa guda huɗu, kowane da tsawonsa, ya ɗaure su da zare ya sa a aljihu. Awon ke nan gaba ɗaya.

Ya ja ta zuwa wani tsohon ɗaki a bayan gida inda guma-gumai ke jingine. Ya riƙa ƙwanƙwasa su da bayan gizago, yana karkata kai. Wannan ƙirya ce, ta yi nauyi. Wannan gawo ne, ba ya riƙe rami. Can a lungu ya bugi wani, sai ya yi wata ƙara mai zaƙi kamar ta ganga. Ya sake bugawa, fuskarsa ta saki.

"Alilliba. Shekara goma sha ɗaya tana nan. Na aje ta don kalangu, mai kalangun ya rasu."

Saude ta ɗaga gungumen, ta ji shi sakayau kamar ba itace ba.

Ta yi niyyar komawa da la'asar, amma da ya soma aiki ta kasa tashi. Gizagon na sauka dab da yatsunsa, tazarar ba ta kai ƙwayar gero ba, kuma bai taɓa duban wurin ba, fuskarsa na kallon sama. Hannun hagu na tafiya gaba yana lalube, na dama na biye yana sara. Ɓawon itacen na faɗowa a nannaɗe, ƙamshi mai sanyi ya cika rumfar. Lokaci-lokaci ya ɗauki tsohuwar ƙotar ya zura yatsa a ramukan da ƙarfe ke zama, ya daɗe a ciki, sannan ya koma kan sabuwar da 'yar wuƙa. Ita da take da idanu biyu, ba ta ga abin da yake cirewa ba, sai ɗan gari a bakin wuƙar.

"Kawu, yaya kake sanin ka kai?"

"Icce shi ka hwaɗi. In da saura, yatsa na jin tudu."

Ta kwana, ta koma Mafara ranar Lahadi. Bayan kwana tara aka aiko mata cewa aiki ya ƙare.

Inna Habiba ce ta miƙo mata shi a cikin zanen. An goge shi da ganye mai kaushi, an shafe shi da man kaɗe har ya yi ja-ja yana sheƙi. Saude ta ɗauka, hannunta ya yi sama da kansa don ya shirya wa nauyin da babu. Ta yi murna, ta juya shi, ta hango shi daga gindi zuwa gaba kamar yadda ake duba sanda. A nan ta ga matsala. Ƙotar ba ta miƙe ba. Ta karkata gefe kaɗan, kuma wurin kwantar da kumatu ya yi tudu a ɓangare ɗaya.

Ta dubi tsohon yana zaune yana jiran abin da za ta ce, idanunsa farare. Ta haɗiye maganar.

"Ya yi kyau ƙwarai, Kawu. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Ki gwada tukuna, kyau ba shi ne ba."

A mota ta rungume ƙunshin tana jin tausayinsa, tana kuma jin haushin kanta da ta ɗora wa makaho aikin da sai da ido.

Mas'ud ma da ya gani abin da ya faɗa ke nan. Ya ɗora ƙotar a kan tebur, ya kara mata ma'auni, ya girgiza kai.

"A karkace take. Tsufa ne, ba laifinsa ba. Bari dai mu ga ko za ta shiga."

Ya ɗauko magagari ya ajiye kusa, don ya san sabon katako ba ya zama sai an rage nan an rage can. Ya kawo ƙarfen ya saita, ya tura a hankali. Sai ji suka yi ƙwas, ya zauna. Mas'ud ya tsaya. Ya cire, ya sake mayarwa. Ya ɗaga ta wajen taga yana neman inda haske zai ratsa tsakanin itace da ƙarfe, bai samu ba. Ya yago takarda ya nemi ya zura a tsakani, ta ƙi shiga.

"Kin ce bai ga ƙarfen ba?"

"Bai ga komai ba. Ko ni bai gani ba."

Mas'ud ya mayar da magagarin cikin akwati. Ya tabbatar babu harsashi, ya miƙa mata bindigar, ya nuna wani ɗigon fenti a bango.

"Rufe idonki, ki ɗaga yadda jikinki ya so. Sannan ki buɗe."

Ta rufe ido ta ɗaga. Ƙotar ta shige lungun kafaɗarta ta zauna, tudun nan ya tarbi kumatunta tun kafin ta sunkuyar da kai. Ta buɗe ido. Ɗigon fentin na zaune a kan saiti.

Ta ɗauka dace ne. Ta sauke, ta juya, ta sake. Haka. Ta yi sau bakwai. Ta zauna a kan benci da bindigar a cinya. Sai yanzu ta gane. Tun bayan faɗuwar nan jikinta ya sauya tsayuwa, kafaɗa ɗaya ta sauka, wuyanta ya koyi karkata don ya rage wa ciwon nauyi. Ita ba ta sani ba, likita bai faɗa ba, madubi bai nuna mata ba. Tsohon ya ji shi da tafin hannu a cikin rumfa, ya sassaƙa itacen a kan Sauden da ke nan yanzu.

"Ni na auna katako," in ji Mas'ud a hankali, "shi ya auna mutum. Shekara goma sha tara ina wannan aiki."

Ranar gasa ta ɗauki shatar mota ta biya Bakura da sassafe. Kawu Jibo ya ce me makaho zai yi a wurin kallo, Inna Habiba ta ce ya tashi ya sa babbar rigarsa, kunnuwansa ai suna nan. Ita ma ta shiga motar, suka bi ta gonakin rani, albasa da tumatir kore shar hagu da dama, har Maradun.

An shirya filin a gindin wani tudu, an ja igiya, an kafa rumfuna. Mas'ud da kansa ya kawo wa tsohon kujera, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ake gaida malami. Alƙalin gasar, wani dattijo mai furfura da ya yi ritaya, yana duba bindigogi ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta Saude ya jinjina ta a hannu, ya shafa ƙotar, ya tambayi wane kamfani ne ya yi. Ta nuna masa rumfa. Ya dubi tsohon ya daɗe, ya sake duban ƙotar, sannan ya buga mata hatimi.

Ita ce ta goma sha huɗu. Da aka busa usur ta ruga. Faifan farko ya yi ƙara ya faɗi, na biyu, na uku. Ta wuce na biyar tana jiran rawar hannun, ba ta zo ba. Bindigar na tashi da ita, tana sauka da ita, ba ta neman saiti, tana samunsa a inda ta kai ido. Ta zagaya ganga, ta durƙusa, ta miƙe. Faifai ashirin da huɗu, ta kuskure ɗaya ta sake masa, ya faɗi. Da ta tsaya tana haki, sai ta ji filin ya yi tsit kafin tafi ya ɓarke.

Ta zo ta biyu a cikin mutum talatin da ɗaya. Wani saurayi daga Gusau ya riga ta da daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, ita da bara ko cikin goman farko ba ta shiga ba.

Ta mayar wa Mas'ud bindigar ya kulle, ta taho rumfa ta durƙusa gaban kawunta. Ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Na sha bakwai ne kinka kuskure," ya ce.

"Shi ne, Kawu."

"Kin yi gaugawa. Ƙahwarki ba ta zauna ba kinka halba, na ji takunki." Ya yi ɗan murmushi. "Amma sauran, kamar ana kiɗan ƙwarya. Ban san bindiga na iya wagga murya ba."

Kafin su tashi mutum shida suka zo suna neman ya yi musu irinta, har da saurayin Gusau. Ya saurare su duka, ya ce alillibar da ta bushe ta ƙare, wadda za a sara bana kuwa sai ta shekara goma, in suna da haƙuri su dawo. Suka yi dariya, shi bai yi ba.

A hanyar komawa ya sa direba ya tsaya wurin masunta a bakin dam. Ya sauka da kansa, Saude na riƙe da hannunsa, ya bi kwandunan yana latsa cikin kifi da yatsa, ya ƙi wannan, ya ƙi wancan, har ya zaɓi manyan tarwaɗa uku. Inna Habiba ta ce biyu sun isa. Ya ce ta ukun ta uwar Saude ce, a kai mata Mafara tun da sauran rana.