Tabo Uku a Bayan Murja

Hanatu na cikin sussukar gero ta ji sallamar baƙuwar murya a bakin darni. Tun da safe labarin mai muryar ya riga ta isowa: wata mata ce daga arewa take bin gidajen Bungudu da ɗan tandun maganin tabon yara, ba ta karɓar ko ƙwayar dawa, sharaɗinta kawai ita za ta shafa da hannunta. Matan unguwa sai murna, har masu 'ya'yan da ko ƙurji ba su taɓa yi ba sun jera su, don dai kada banza ta wuce su. Hanatu kuwa, tun da ta ji cewa 'yan mata baƙuwar ta fi dubawa, kuma daga gadon baya take farawa, taɓarya ta yi mata nauyi.

Shekara bakwai ke nan, a shekarar yunwar nan da mutanen arewa suka yi ta kwararowa suna faɗuwa a hanya, Hanatu ta tsinci yarinya a gindin wata tsamiya kan hanyar Rawayya, ko yaye ba ta kai ba. A ƙarƙashin kafaɗarta ta hagu akwai ɗanyar ƙuna guda uku, a zaune kamar duwatsun murhu. Hanatu ta san tsautsayi ba ya jera ƙuna haka. Shaida ce uwa ta yi wa 'yar da ta kasa ɗauka, don in ta rayu ta dawo ta gane abarta. Hanatu kuwa shekara goma sha biyu tana ɗakin mijinta Jatau ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ta goya yarinyar zuwa gida, aka sa mata suna Murja.

Tun daga ranar, safe da yamma, sai ta kwaɓa man kaɗe da zuma ta murza wurin. Maƙwabta suna ta yaba mata, wai ko uwar da ta haifa iyakarta ke nan. Ita kaɗai ta san abin da take gogewa. Tabo biyu suka bi jiki, sai wata 'yar inuwa da idonta kaɗai ke kamawa. Na ukun ya ƙi, ya baje da girman yarinya.

Baƙuwar ta shigo, ramammiya, ƙafafu duk faso, ido ɗaya ya yi yana. Ta ce sunanta Halima.

"Ni ɗiyata ba ta buƙatar magani," in ji Hanatu, tun ba a gama gaisuwa ba.

Sai ga Murja ta fito daga garken awaki da gudu. "Inna, ni ma ina da tabo! Kowa an shafa mai, ni ma a shafa min!" Kafin Hanatu ta buɗe baki ta durƙusa gaban matar, ta ba ta baya.

Halima ta lakaci maganin, amma ba ta shafa ba. Ta kawo fuskarta kusa da bayan yarinyar har numfashinta na taɓa fatar. Hanatu ta ji tsoron da ba ta taɓa jin irinsa ba.

"Guda na," in ji Halima a hankali.

"Guda na. Itacen wuta ya faɗo mata tana rarrafe."

"An kula da shi ƙwarai. Hannunki na da kyau, 'yar'uwa," in ji Halima. "Tawa ukku na. Da bakin kibiyar ubanta na yi mata su, na danna da ƙarfi don kar su ɓace. Yunwa ta hana ta kuka, baki kawai ta buɗe tana kallona. Bakin nan nika gani in na rufe ido, ko a salla."

Hanatu ta tuna kwana huɗun farko da yarinyar ta yi a gidan nan tana buɗe baki babu sauti. Tausayi ya kama ta, ta ji kamar ta faɗi gaskiya ta huta. Sai ta ga babban yatsan matar ya bar tabon, yana lalube, yana gangarawa daidai inda na biyun yake.

"An ce akwai wata a Tsafe," in ji Hanatu da sauri. Ita kanta ba ta san daga inda maganar ta fito ba. "Wani falke ya gaya ma mai gidana. Tsintuwa ta, ukku gare ta, nan ga kafaɗa."

Yatsan ya tsaya cak.

"Tsafe? Kin tabbata?"

"Haka ya ce."

Halima ta saki yarinyar, ta zube gaban Hanatu, ta kama ƙafafunta da hannu biyu tana kuka. Shekara biyar tana biɗa, in ji ta, ba wanda ya taɓa ce mata ga wuri sai yau. Hanatu ta ce ta tsaya ta sha fura, rana ta take, Tsafe kuwa tafiyar kwana uku ce ga mai irin ƙafafunta. Halima ta ƙi. Ta ce in ta zauna yanzu ba za ta yafe wa kanta ba.

A bakin darni ta juyo, ta ɗora hannu a kan Murja, ta dubi Hanatu da idonta mai gani.

"Yadda kin ka nuna min tawa, Allah shi bar ki da taki."

Murja ta ɗaga kai tana jiran uwarta ta amsa. Hanatu ta ce, "Amin."