Saƙon da Na Kasa Faɗa wa Baba Modu

Baba Modu baduku ne a Birni, kuma tsohon soja. A aikin soja ya koyo balo, wato ƙwallon ƙafa. Shi ya tara mu a 1953, ya ɗinka mana ƙwallo da hannunsa, ya sa ni tsaron raga, wai hannuwana sun fi kaina aiki. Har yau ina kewar muryarsa daga bakin fili.

Shekara uku muna tare, sai 'yan Zango suka ci mu sau uku a jere. Manyan ƙungiyarmu, 'yan kasuwar gyaɗa da ba su taɓa sa ƙafa ga ƙwallo ba, suka yanke a cire shi, a ba wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ake kira Mushe Alkasum aikin, don shi yana da littafin koyar da ƙwallo. Ni suka aika, tunda ni ne kapiten kuma ni ya fi so.

Na same shi a rumfarsa. Ya ɓara goro ya ba ni, ya tambayi Kaltuma matata. Ta ina zan fara? Sai na miƙa masa ƙwallon da na zo da shi, na ce ɗinki ne ya warware. Na koma gida da saƙon a cikina.

Washegari da la'asar ya iso fili, ƙwallon a hammata, ya tarar Mushe Alkasum tsaye a wurinsa yana jera mu. Baba Modu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni ne na ƙarshe. Ya ajiye ƙwallon ya juya. Kafin damina ya rufe rumfa, ya koma garinsu Durum.

A shekara huɗu mun canja mai koyarwa shida. Wani ma lahadi biyu ya yi. Ban bar raga ba, amma ban ƙara jin daɗinta ba.

Da wasan bikin 'yancin kai ya matso, manyan suka tuna da shi, suka sake aike ni. Na hau keke da farin ciki, ina ta shirya yadda zan roƙe shi gafara.

Yana zaure yana ɗinkin guga. Muka gaisa har aka kawo ruwa.

"Tahiru, yau ma aiko ka aka yi?"

"E, Baba."

"To faɗi. Kada ka koma da shi."

Na ce masa manyan suna so ya dawo. Ya ja zare ya ɗaure.

"Su ban riƙe su ba, halinsu ne. Ka san ran nan da ka zo rumfa, na riga na ji a kasuwa? Jira nake in ji a bakinka. Da ka faɗa, da har yau ina bayan ragarka ina kallo."

Ya rako ni har bakin hanya, ya ce in gaida Kaltuma. Bai zo ba.