Salular da Ta Faɗa Ruwa a Garkar Albasa

Abu biyu ne suka kai Ɗayyabu kantin wani mutum mai suna Maman Sani a Birnin Ƙonni ranar da ya sayi salularsa, amma ɗaya kawai yake iya faɗa wa mutane. Na farko, an yi rangwame a kan wayoyin da suka kwana biyu a kanti, kuma kowace da takardar garanti ta shekara guda. Na biyun kuwa Fadila ce, ƙanwar mai kantin, wadda kan kawo wa yayanta abincin rana, ta zauna bayan kantar shagon tana rubuta wa masu saye takarda da yatsunta masu lalle.

Abokinsa Kamalu ne ya rako shi tun daga Badaguishiri, yana mita har suka sauka daga mota. Kamalu yana da mutum a Dubai da ke sako masa wayoyi cikin kayan 'yan kasuwa, shi ya sa yake ganin duk mai shiga kanti a Ƙonni asara yake nema.

"Wagga da kake kallo," in ji Kamalu a bakin ƙofa, "ko da rangwamen nasu, ni ƙasa da haka nika kawo maka ita. Sati ukku ta iso."

"In ta lalace hwa?"

"Ka yi haƙuri kamar kowa."

"Ni ban iya wanga haƙuri. Nan in ta samu matsala, takardata zan ɗauko in taho."

Kamalu ya leƙa cikin kantin, ya ga wadda ke zaune, ya jinjina kai. "Lalle kam. Garanti mai jan mayahi. Shekara guda ta yi mata kaɗan."

Fadila ce da kanta ta karanta masa takardar, tana mayar da Faransancin zuwa Hausa a hankali. In waya ta mutu da kanta, kamfani ya gyara ko ya musanya. In ta faɗi ta fashe, ko wani mai gyara ya buɗe ta, ko ta sha ruwa, babu ruwan kamfani. Ɗayyabu ya ji kowace kalma, don bai taɓa sauraron wani abu a duniya kamar yadda ya saurari wannan murya ba. Kafin ya fita, lambar farko da ta shiga sabuwar wayar tata ce.

Wata huɗu suka wuce. Albasa ta yi kai a garkarsa da ke cikin fadama, soyayya kuma ta yi nata. Kullum da hantsi, yana bin magudana da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan, sai saƙon muryarta ya shigo. Ranar wata Asabar saƙon ya zo da abin da ya daɗe yana roƙon Allah. Tun rasuwar mahaifin su Fadila, magana a gidan tana hannun Maman Sani, kuma ya yarda: manyan Ɗayyabu su zo neman aure ranar Juma'a ta uku.

Ya saurara sau uku yana tsaye a cikin laka, injin ban ruwa na ƙugi a bayansa. A na huɗu ne wayar ta sulɓe daga jiƙaƙƙun yatsunsa ta faɗa magudana. Bai fi ƙiftawar ido biyu ta yi a ciki ba. Ya tsamo ta, ya goge da riga, ya kai gida ya tura ta cikin buhun gero ta kwana. Da safe ta kama. Ya yi hamdala. Kwana biyu tana aiki, a na uku fuskarta ta yi baƙi, ba ta ƙara motsi ba.

A cikin motar Ƙonni gaskiya ya yi niyyar faɗa. Har ya shirya yadda zai ce: Yaya, ta faɗa ruwa, a duba mini ko tana gyaruwa. Ya maimaita a Tsarnawa, ya maimaita a bakin gari. Amma da ya shiga kantin sai ya tarar da mutane cike, Maman Sani kuma ya taso da fara'a ya riƙe hannunsa da hannu biyu, abin da bai taɓa yi masa ba.

"Angonmu na albasa. Lahiya kwana biyu ba a ji ka ba? Wata nan ta hana mu sakat."

Fadila ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ɗayyabu ya miƙa wayar da takardarta. Maman Sani ya danna, ya sa caji, ya jijjiga ta kusa da kunne. Bai ko ɗago ido ba ya yi tambayar da yake yi wa kowa.

"Ta sha ruwa?"

"A'a."

Kalmar ta fita kafin ya san ta fita. Daga baya ya nemi dalili ya rasa wanda zai tsaya. Ko don albasa ba ta kai sayarwa ba, ko don kada a ce wanda za a ba amanar mace ya kasa riƙe waya, ko don kawai hannun nan biyu da suka riƙe nasa. Ya jira a sake tambayarsa ya gyara. Ba wanda ya sake.

"Ƙa'ida ita ce mu aika da ita Yamai ka jira wata guda," in ji Maman Sani. "Amma kai na gida na. Ba ni barin ka wata guda babu waya ana shirin magana." Ya juya ya zaro sabuwa a kwalinta daga kan kanta. "Riƙe wagga. In sunka aiko da musanya, ta zama tawa."

Wayar sabuwa ta fi tsohuwar nauyi a aljihunsa, ko da yake iri ɗaya ce. Ya koma garka ya ci gaba da ban ruwa, yana lallashin kansa cewa kamfani babba ne, waya ɗaya ba za ta girgiza shi ba, wataƙila ma ba za su buɗe ba.

Sun buɗe. Kwana goma bayan haka saƙon Fadila ya shigo, muryarta cike da ɓacin rai. Ashe a cikin kowace waya akwai wani ɗan farin tabo da ke komawa ja in ruwa ya taɓa shi. Kamfani ya ga jan, ya ƙi musanya, har ya gargaɗi Maman Sani da kada ya ƙara aiko musu da irin wannan.

"Yaya ya ce tunda kai ka ce ba ta sha ruwa ba, to a hanya ta sha," in ji ta. "Baba Iliyasu direba ne ya kai ta, kuma kowa ya san yana ɗaukar kular ƙanƙara da kifi a bayan mota. Ya rantse bai jiƙa komi ba. Yaya ya daina ba shi saƙo, masu kantunan layinmu ma sun ji sun janye. Ni kaina na ce mishi a gaban mutane, Ɗayyabu ba ya ƙarya, sai dai wani. Shekara goma sha biyu yana ɗaukar mana kaya tun Babanmu na da rai, ka ga abin da ya saka mana da shi."

Ɗayyabu ya zauna a bakin magudana. Ruwa ya cika fangali ya malala zuwa hanya, bai tashi ya tare ba. Wannan karon sau ɗaya ya iya sauraron muryarta.

Abinci ya daina shiga. In ya tsaya salla sai ya rasa raka'a ta nawa yake. Mahaifiyarsa ta ɗauka zumuɗin aure ne, tana yi masa dariya tana ƙara masa fura. A ƙarshe ya je ya sami Kamalu a rumfarsa ta bakin kasuwa, ya zayyana masa komai.

Kamalu bai yi dariya ba, abin da ya ba shi mamaki. Ya daɗe yana juya wata waya a hannu.

"Ka ga illar taku ta gida," ya ce. "Da tawa ka saya, da ta mutu ka binne ta, ba wanda za ka yi ma ƙarya. Dubai ba ta tambaya."

"Mi zan yi?"

"Juma'a saura kwana nawa?"

"Huɗu."

"To ka rufe bakinka. A ba ka, a ɗaura, a kwana biyu. Sannan wata rana kuna shan shayi ka hwaɗi cikin raha. Suruki ba ya korar suruki don waya."

"Tsohon hwa?"

"Tsoho ba ya mutuwa don saƙon sati ukku."

Shawarar ta zauna masa daidai, kuma daɗin da ta yi masa ne ya fi ba shi tsoro. Ranar Laraba ya ce wa mahaifiyarsa zai je Ƙonni sayen goron da manya za su tafi da shi. Da gaske goron ya je saye. Sai dai motar ta sauke shi a tasha, a tashar kuma wani dattijo mai farin gemu na zaune a kan benci kusa da wata tsohuwar mota, yana jiran fasinja su cika. Wani ya nuna masa Ɗayyabu da baki. Dattijon ya taso, ashe Baba Iliyasu ne.

"Kai ne mai wayar?"

"Ni ne, Baba."

Ya shirya jin zagi. Da ma zagin aka yi masa. Baba Iliyasu ya kamo hannunsa.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Wallahi da hwarko na rantse ban jiƙa ta ba, don a gaba na aje ta, ƙarƙashin kujerata. Amma na yi ta tunani. Mutum ya tsufa, yana mantuwa. Wataƙila a Dosso da munka sauke kaya na maida ita baya ban sani ba. Na bar ɗaukar ƙanƙarar ma gaba ɗaya." Ya yi ɗan murmushi. "Abin da ya dame ni rantsuwar da na yi. Na tambayi liman ko sai na yi kaffara."

Ɗayyabu ya ji kamar ƙasar tashar ta tsage ya shige. Ya raba mutumin da saƙonsa, ya raba shi da kifinsa, yanzu har ya sa shi yana tuhumar kansa a gaban Allah. Ya zame hannunsa ya fita daga tashar, bai bi ta wurin masu goro ba.

Azahar ta kusa, kantin babu kowa sai Maman Sani da Fadila, kwanon abinci a buɗe tsakaninsu. Fadila ta gan shi fuskarta ta haskaka. Ya kasa kallonta. Ya cire layinsa daga sabuwar wayar, ya ajiye ta a kan kanta.

"Yaya, ta sha ruwa. A garkata ta faɗa magudana. Na sa ta cikin gero ta kwana. Da ka tambaye ni, na sani."

Maman Sani ya ajiye cokali. Ya dubi wayar, ya dubi titi, ya goge hannunsa da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Da ka ce mini ta sha ruwa," ya ce, "da na ba ka wagga ɗin dai. Ka biya bayan albasa, ko kada ka biya. Ka san haka?"

"Yanzu na sani."

"Ni na ce ma dattijo, abokin ubana, ya ci amana. A gaban yaran tasha." Muryarsa ba ta tashi ba, da ta tashi da ya fi sauƙi. "Ka gaya ma manyanku su dakata da Juma'a. Ban ce a'a ba. Ban kuma san ranar da zan ce wani abu ba."

Ɗayyabu ya gyaɗa kai. Sai a lokacin ya iya juyowa wurin Fadila. Ba ta kuka. Da ma kukan take yi, da ya san abin da zai ce. Kallonsa take kamar mai son tuna inda ta taɓa ganin wannan fuska.

"Mi kake yi lokacin da ta faɗa?" ta tambaya.

"Saƙonki nike saurare. Na maganar Juma'a."

Ta rufe kwanon abincin, ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Ina za ki?" in ji Maman Sani.

"Tasha. Ni ce na kira shi maƙaryaci, da bakina." Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba. "Kai ma ka taho, don kai ne za ka fara magana, a gaban waɗanda sunka ji ta farko. Amma kada ka jera da ni."

Ta fita cikin rana. Ɗayyabu ya bari ta yi nisa kamar taku goma, sannan ya bi bayanta.