Magungunan 'Yan Dubiya

Tabarma, buta, zani biyu, ruwan leda, da baƙar jaka cike da magunguna. Abin da muka ɗauko ke nan daga Tudun Wada. Keke napep ya maƙale a cunkoson Kasuwar Kure, Kawu Sadisu yana jingine a kafaɗata.

Kowa yana share gumi, ban da shi. Jikinsa zafi kamar kasko, fatarsa a bushe. Tun jiya bai yi fitsari ba, mararsa ta kumbura. Yana ta miƙa hannu yana tsintar abin da babu.

"Samira, kori awakin nan daga kan gadona," ya ce, harshensa na mannewa a ganɗa.

Matarsa, Inna Aishatu, ta riƙe masa ƙafa. "Na ce a kira malam ya yi masa tofi. Wannan ba ciwon asibiti ba ne."

"Inna, a yi tofin a can."

A asibiti, Dakta Magdalene ta zazzage jakar a kan tebur. Ta ware na karkarwar hannu, na mura, na murɗar ciki da na barci.

"Wa ya rubuta masa waɗannan?"

"Na karkarwar kaɗai likita ya rubuta," in ji Inna. "Sauran 'yan dubiya ne suka kawo. Na murar surukinsa ya kawo, na cikin kuma maƙwabcinmu Alfa."

"Duk yana sha?"

"Yo mutum ya tako ya kawo maka abu, ka ƙi? Kowa sai ya tsaya ya ga an haɗiye."

Likitar ta ce illarsu iri ɗaya ce: suna busar da baki, su tsayar da gumi da fitsari, su rikita tunanin tsoho. Haɗuwarsu ce ta kawo shi nan. Aka sa masa robar fitsari da ƙarin ruwa. Na tambaya ko hankalinsa zai dawo.

"Muna sa rai," ta ce, idonta na kan na'urar da ke nuna bugun zuciyarsa.

Kafin la'asar labari ya kai unguwa, barandar asibitin ta cika. Alfa ne a gaba, da kwalbar sirof a hannu.

"'Yata, wannan na ƙarin ƙarfi ne. Matsa in ba shi da hannuna."

Ya girmi mahaifina. Inna ta ƙifta mini ido in ba shi hanya. A ciki, Kawu yana kiran ƙanensa da ya daɗe da rasuwa.

Na jawo ƙofar na rufe, na tsaya a bakinta.

"Baba Alfa, addu'a muna so. Magani kuwa, daga yau ba ya shiga bakinsa sai likita ta gani."